Bejin ko Shi'an: Ina Ya Dace Mazaunin Ƙasar Sin Ya Kai Hutunsa Na Farko?

Akwai 'yan uwanmu da suka shekara biyar, wasu ma goma, a birnin Guangzhou, wanda 'yan kasuwarmu ke kira Gwanzu, amma iyakar abin da suka sani na ƙasar Sin shi ne hanyar da ta tashi daga unguwar Xiaobei zuwa kasuwannin Sanyuanli, sai masana'antun Foshan da Dongguan, sai kuma filin jirgin sama na Baiyun. Haka abin yake ga ɗalibai da yawa, waɗanda suke gama karatu su koma gida ba su taɓa leƙa wani lardi ba in ban da wanda jami'arsu take. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: lokaci kaɗan ne, kuɗi na da wurin zuwa, sannan akwai fargabar abinci, domin Musulmin da ya saba da inda zai sami halal a unguwarsu ba ya son ya je baƙon gari ya wuni da yunwa. Duk da haka, ranar da mutum ya sami kwana huɗu ko biyar na hutu ya ce bari ya ga ƙasar da yake zaune a cikinta, sunaye biyu ne ke fara zuwa masa, wato Bejin da Shi'an, waɗanda ake rubutawa Beijing da Xi'an a jikin tikiti da taswira.

Na je duka biyun daga Gwanzu, kuma tun daga farko zan faɗi inda na karkata: ga mai gajeren hutu, mai kula da abin da ke shiga cikinsa, mai ƙirga abin da ke aljihunsa, Shi'an ce ta fi dacewa da tafiyar farko. Sai dai akwai mutanen da wannan shawara ba ta dace da su ba, kuma Bejin na da abubuwan da babu wani gari a duniya da zai maye gurbinsu, don haka ya kamata a auna su dalla-dalla.

Ta fuskar nisa, babu wani babban bambanci ga wanda ya taso daga kudu. Layin dogo mai saurin gaske da ya haɗa Gwanzu da Bejin, wanda aka kammala buɗewa a watan Disamba na 2012, ya kai tsawon kilomita 2,298, kuma jirgin da ya fi sauri yana cinye shi cikin kimanin awa 8. Zuwa Shi'an ma kusan haka ne. A jirgin sama kuwa, kowanne kimanin awa 3 ne. Tsakanin garuruwan biyu akwai tafiyar awa huɗu da rabi zuwa shida a jirgin ƙasa, saboda haka mai kwana goma yana iya haɗa su a tafiya ɗaya. Ana sayen tikitin jirgin ƙasa ta manhajar 12306 da lambar fasfo, ana fara sayar da shi kwana 15 kafin ranar tafiya, kuma fasfon kansa shi ne tikitin da za a nuna a ƙofar tasha. Inda bambancin yake shi ne bayan an sauka. Bejin gari ne na mutum fiye da miliyan 21, mai faɗin da ke cinye lokaci, inda tafiya daga wannan wurin tarihi zuwa wancan kan ɗauki awa guda a jirgin ƙarƙashin ƙasa. Shi'an ma ba ƙaramin gari ba ne, mazaunanta sun kai wajen miliyan 13, amma tsohon birnin yana cikin ganuwa ne, kuma wanda ya kama masauki kusa da Hasumiyar Ƙararrawa da ke tsakiyar gari zai iya zuwa masallaci da kasuwar abinci da ƙofar ganuwa duk da ƙafa.

Abin da ke kai mutum Bejin da farko shi ne Babbar Ganuwa. Binciken da hukumomin ƙasar suka bayyana a 2012 ya nuna cewa idan aka haɗa dukkan sassan da dauloli daban-daban suka gina, tsawonta ya kai kilomita 21,196, amma sassan da ake ziyarta a kusa da Bejin na daular Ming ne. Biyu ne suka fi shahara. Badaling shi ne mafi sauƙin zuwa, domin tun ƙarshen 2019 akwai jirgin ƙasa mai sauri da ke tsayawa a ƙarƙashin dutsen, sai dai cunkosonsa kan kai ga mutum ya riƙa tafiya kafaɗa da kafaɗa da jama'a. Mutianyu, wanda ke gundumar Huairou kimanin kilomita 70 daga tsakiyar gari, ya fi sarari da itatuwa, kuma akwai ƙananan motocin da ke hawa kan igiyar ƙarfe suna kai mutane sama, abin da ke taimaka wa dattijo ko mai ciwon gwiwa. Ko wanne aka zaɓa, wuni guda ya tafi, kuma matattakalar ba ta da sauƙi, domin wasu tsayinsu ya kusa kai gwiwa, wasu kuma gajeru ne ƙwarai. Amma idan mutum ya tsaya a ɗaya daga cikin ɗakunan tsaro ya hango ganuwar tana bin ƙashin bayan duwatsu har inda ido ya gaza, zai gane cewa hotunan da ya saba gani ba su ba shi rabin labarin ba.

Na biyu shi ne fadar sarakuna da ake kira Haramtaccen Birni, wadda Sarki Yongle ya gina daga 1406 zuwa 1420, kuma sarakuna 24 na daulolin Ming da Qing suka zauna a cikinta kafin a mayar da ita gidan tarihi a 1925. Faɗinta ya kai hekta 72. Ana shiga ta ƙofar kudu a fita ta arewa, a ratsa fili bayan fili da zaure bayan zaure, duk da jajayen bango da rufin rawaya, launin da a wancan zamani sarki kaɗai ke da ikon amfani da shi. Wanda ya san tsarin gidan sarauta a ƙasar Hausa, inda baƙo ke wuce soro bayan soro gwargwadon matsayinsa kafin ya isa gaban sarki, zai fahimci ma'anar ginin ba tare da an yi masa dogon bayani ba. Bayan an fita, yana da kyau a tsallaka titi a hau tudun Jingshan, domin daga can ne ake ganin fadar gaba ɗayanta. Matsalar ita ce shiga. Ba a buɗe ta ranar Litinin, ana sayen tikiti ta intanet da lambar fasfo tun daga kwana bakwai kafin ranar, kuma a lokutan hutu tikitin kan ƙare cikin ɗan lokaci kaɗan. Kuɗinsa yuan 60 ne daga Afrilu zuwa Oktoba, 40 a sauran watanni. Dandalin Tiananmen da ke gabanta shi ma sai an yi rajista tun kafin ranar, ga layin binciken jami'an tsaro. Idan aka ƙara da Haikalin Sama da Fadar Bazara da tsofaffin lungunan da ake kira hutong, za a ga cewa kwana huɗu a Bejin gudu ne kawai daga wannan layi zuwa wancan.

Shi'an kuwa ta girmi Bejin a sarauta nesa ba kusa ba. Da sunanta na da, Chang'an, ita ce hedikwatar daular Han ta yamma da daular Tang, wadda ta yi mulki daga 618 zuwa 907, kuma daga nan ne ayarin fatake ke tashi su bi Hanyar Siliki zuwa ƙasashen Farisa da Larabawa. Abin da ya fi ɗaukaka sunanta a yau shi ne rundunar mayaƙan yumɓu, wadda wasu manoma suka ci karo da ita a watan Maris na 1974 suna haƙar rijiya a gundumar Lintong, kimanin kilomita 40 gabas da birni. An ƙera su ne domin gadin kabarin Qin Shi Huang, sarkin da ya haɗa kan ƙasar Sin a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma an ƙiyasta yawansu ya kai 8,000, ban da dawaki da kekunan yaƙi. Rami na farko, wanda shi ne mafi girma, tsawonsa mita 230 ne, kuma a cikinsa mayaƙan suke tsaye sahu-sahu, kowanne da irin fuskarsa da ɗaurin gashinsa, har ana iya bambance kwamanda da maharbi ta hanyar sutura. Asalinsu da fenti a jikinsu, amma da iska ta taɓa su launin ya bushe ya zube, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa har yau ba a buɗe kabarin sarkin kansa ba. Kuɗin shiga yuan 120 ne, kuma rabin wuni ya isa. Shawarata ita ce a fara da ƙananan ramuka a ƙare da na farko, domin wanda ya fara da babban ba zai ƙara ganin girman sauran ba.

Sai dai abin da ya fi taɓa zuciyata a Shi'an shi ne ganuwar birnin. An gina ta a farkon daular Ming, cikin shekarun 1370, zagayenta kilomita 13.7, tsayinta mita 12, kuma samanta ya yi faɗin da ake ba da hayar keke a zagaye gari a kai. Na yi wannan zagaye da la'asar sakaliya, tsohon birni a hannu ɗaya, dogayen gine-ginen zamani a ɗaya hannun, kuma duk tsawon tafiyar badalar Kano ce a raina, yadda ruwan sama da masu ɗibar ƙasa da masu neman fili suka cinye yawancinta muna kallo. Ganuwar Shi'an ma ta taɓa lalacewa, an kuma taɓa shawarar rushe ta kamar yadda aka rushe ta Bejin a tsakiyar ƙarni na 20 domin a yi tituna, amma aka bar ta, aka gyara ta tun daga shekarun 1980, yanzu ga shi tana kawo wa garin kuɗi da daraja. Bayan wannan akwai hasumiyar Dayan ta mabiya addinin Buddha da aka gina a 652, da gidan tarihin lardin Shaanxi wanda shigarsa kyauta ce amma sai an kama gurbi ta intanet, ga kuma dutsen Huashan ga mai ƙarfin hawa, tafiyar kusan rabin awa a jirgin ƙasa mai sauri.

Idan a kan abin kallo kaɗai za a yanke hukunci, Bejin ce ke gaba, wannan ba abin musu ba ne. Amma mutum ba ya wuni yana kallon gini da cikinsa a wofi, kuma a nan ne ma'aunin ke juyawa.

Kafin a shiga batun kowane gari, akwai abin da ya wajaba baƙo Musulmi ya riƙe. Kalmar halal a Sinanci ita ce qingzhen, ana rubuta ta 清真, kuma ya kamata a haddace siffar waɗannan haruffa biyu, domin a 'yan shekarun nan an cire rubutun Larabci daga allunan gidajen abinci da yawa, har da na Bejin, ta yadda wanda ke neman kalmar da ya sani da Larabci zai iya wuce wurin bai lura ba. A gidan abincin da ba na Musulmi ba, cewa ba ka cin naman alade ba ya wadatarwa, saboda ana soya ganye da kitsen alade, ana zuba giyar girki a miya da kifi, ana kuma yin romon taliya da ƙashin alade, kuma mai dafawar ba ya ɗaukar ko ɗaya daga cikin waɗannan a matsayin nama. Haka nan wasu gidajen da ke ɗauke da alamar qingzhen suna sayar da giya ga masu so, don haka mai tsantseni sai ya duba kafin ya zauna. A kowane gari na ƙasar akwai shagunan taliyar Lanzhou da Musulmi 'yan ƙabilar Hui da Salar ke gudanarwa, kuma su ne madogarar kowane baƙo, amma wanda ya yi tafiyar awa takwas bai kamata ya ƙare da cin abin da yake ci kullum a Xiaobei ba.

A Shi'an, abincin da garin ke alfahari da shi, da yawansa na Musulmi ne tun asali. Bayan Hasumiyar Ganga, wadda ke kusa da ta Ƙararrawa, akwai unguwar 'yan Hui, zuriyar fataken da suka zauna a nan shekaru aru-aru, kuma lungunanta cike suke da masu girki maza da fararen huluna, mata da ɗankwali. Abincin da ya fi kowanne suna shi ne yangrou paomo. Za a ba ka kwano da gurasa mai tauri guda ɗaya ko biyu, ka zauna ka gutsuttsura ta da hannunka har kowane gutsure ya koma kamar ƙwayar wake, aikin da kan ɗauki minti goma sha biyar zuwa ashirin, kuma mutanen gari na yin sa ne suna hira ba tare da gaggawa ba. Daga nan sai a karɓi kwanon a ba ka lamba, a kai shi madafa a dafa gurasar cikin romon rago da ya kwana a wuta, a sa yankan nama da siririyar taliya, a dawo maka da shi tare da tafarnuwa da aka jiƙa a ruwan zaƙi da ɗan yajin barkono. Duk wanda ya taɓa karya kumallo da gurasa da romo a Kano zai ji kamar ya haɗu da ɗan uwan abincin gidansu. Ƙanƙantar gutsuren ita ce sirrin daɗinsa, domin manyan gutsure ba sa shan romo, kuma wuraren da ke yanka gurasar da inji saboda masu sauri ba sa kai na hannu.

Bayan paomo akwai hulatang na safe, miya mai kauri da ƙananan dunƙulen naman sa da dankali da kabeji da masoro mai yawa, wadda ke korar sanyi nan take. Akwai zenggao, shinkafa mai danƙo da aka turara da wani irin jan dabino na ƙasar da wake, ana yanko ta daga babbar tukunya da zafinta. Akwai baozi, ƙullin fulawa da ake cusa wa nama a turara, masu romo a ciki, waɗanda sai an huda gefe an tsotse ruwan kafin a ci, in ba haka ba baki ya ƙone. Akwai liangpi, taliya mai sanyi da ake kwaɗawa da man barkono ko markaɗaɗɗen riɗi, da taliyar biangbiang mai faɗi kamar ɗamara. Da dare kuma hayaƙin tsire ke tashi ko'ina, sai dai nasu babu ƙuli, barkono ne da wani kayan ƙamshi da suke kira ziran. Abin sha na gargajiya shi ne suanmeitang, mai ɗan tsami da zaƙi kamar ruwan tsamiya, ga kuma ruwan rumman da ake matsewa a gabanka idan kaka ta yi, kasancewar Lintong ta yi suna wajen noman rumman. A kula da roujiamo, gurasar da ake tsagawa a cusa mata nama: a wajen unguwar Musulmi da naman alade ake yin ta, a cikin unguwar kuwa da naman sa, kuma sunan ɗaya ne.

Akwai aibi guda da ba zan ɓoye ba. Babban titin unguwar, Beiyuanmen, ya zama kasuwar 'yan yawon buɗe ido, da fitilu da hayaniya da tsada, kuma wasu abubuwan da ake sayarwa a can ba ma na garin ba ne. Wanda ke son abin da mutanen gari ke ci sai ya ƙara gaba zuwa Dapiyuan ko Sajinqiao, tafiyar minti goma zuwa ashirin da ƙafa, ya nemi shagon da tsofaffi suka yi layi a ƙofarsa da sassafe.

A tsakiyar wannan unguwa Babban Masallacin Shi'an yake, a lungun Huajue. Wani allon dutse da ke cikinsa ya danganta kafuwarsa da shekara ta 742, ko da yake yawancin ginin da ake gani yanzu na zamanin Ming ne da Qing. Ba shi da ƙubba irin wadda muka saba gani, hasumiyarsa ma irin ginin Sinawa ce mai rufi hawa-hawa, kuma ana ratsa farfajiya huɗu masu itatuwa da ƙofofin katako kafin a isa ɗakin salla da ke fuskantar yamma, inda alƙiblar ƙasar take. A bangon ɗakin an sassaƙa ayoyin Alƙur'ani a jikin katako. Masu ziyara na biyan kuɗi su tsaya a farfajiya, Musulmi kuwa yana shiga ya yi alwala ya bi jam'i. Na yi sallar Magariba a can tsakanin dattawan da ba na jin harshensu, ba sa jin nawa, amma da liman ya fara Fatiha babu sauran baƙunta, kuma bayan sallama sai da wasu suka miƙo hannu muka gaisa. Daga ƙofar masallacin zuwa kwanon paomo bai fi tafiyar minti biyar ba, kuma wannan kusanci na ibada da abinci da wurin kallo shi ne abin da Bejin ba za ta iya bayarwa ba.

Wannan ba ya nufin Bejin ba ta da abincin halal mai daraja. Tana da shi, har ma da tarihi mai tsawo. Unguwar Niujie, wato Titin Shanu, ita ce cibiyar Musulmin birnin, kuma masallacinta ya samo asali tun 996. Abincin da ya fi fice a can shi ne shuan yangrou: tukunyar tagulla mai bututun gawayi a tsakiya, ruwa na tafasa a kewaye, a kawo naman rago da aka yanka siriri kamar takarda, kowa ya riƙa tsoma nasa na 'yan daƙiƙoƙi yana dangwalawa a markaɗaɗɗen riɗi. A daren hunturu, tare da abokai uku ko huɗu, da wuya a sami abin da ya fi shi. Gidan Donglaishun, wanda wani Musulmi ya kafa a 1903, da wannan abinci ya yi suna. Yawancin kayan ƙwalamar gargajiya na Bejin ma daga hannun 'yan Hui suka fito, irin su lüdagun, wanda ake naɗe ƙullin shinkafa da wake mai zaƙi a birkiɗa shi a garin waken soya, da aiwowo, dunƙulen shinkafa mai danƙo da kayan zaƙi a ciki, da tumbin da ake tsomawa a tafasasshen ruwa a ci nan take. Akwai kuma douzhi, wani abin sha mai tsami da ake yi da tsimammen wake, wanda tsofaffin 'yan birni ke ƙauna, amma ƙamshinsa kan kori baƙo ko da ya saba da kunun tsamiya. Gasasshiyar agwagwar Bejin da duniya ta sani, gidajen da suka fi shahara da ita kamar Quanjude, wanda aka kafa a 1864, ba na Musulmi ba ne, amma akwai gidajen qingzhen da ke gasa ta, sai a neme su tun kafin a fita. Taliyar zhajiang, wadda ake tallatawa a kowane lungu a matsayin abincin gari, da naman alade ake haɗa miyarta in ba a gidan Musulmi ba.

Matsalar Bejin ita ce abincin yana wuri ɗaya, abin kallon yana wani wuri. Wanda ya tafi Mutianyu da safe ko ya shiga fadar sarakuna, zai fi masa alheri ya ɗauki guzurinsa a jaka, domin zai yi awa biyar ko shida kafin ya dawo inda zai ci da kwanciyar hankali. Sannan manyan abincinta na taro ne, tukunyar tagulla da agwagwa ba a yi su don mutum ɗaya ba, alhali a Shi'an matafiyi shi kaɗai zai ƙoshi da kwano guda na 'yan yuan kaɗan.

Batun kuɗi ma yana bin wannan layi. Masauki a tsakiyar Bejin ya fi na Shi'an tsada sosai, kuma wanda ya nemi mai rahusa zai sami kansa a bayan gari, ya biya bambancin da lokacinsa. A duka garuruwan doka ta wajabta a yi wa baƙo rajista cikin awa 24 da saukarsa, otal ne ke yin wannan, kuma har yanzu akan sami ƙananan masaukai da ke cewa ba sa karɓar 'yan ƙasar waje, duk da cewa hukumomi sun ja kunnensu a 2024. Ya taɓa faruwa da ni da tsakar dare, bayan na riga na biya ta waya, kuma tun daga ranar ba na kama ɗaki sai na kira na tabbatar suna karɓar mai fasfo. Biyan kuɗi kuwa galibi ta manhajojin waya na Alipay da WeChat ne, kamar yadda mazaunin ƙasar ya riga ya saba, kuma ɗalibi ya tafi da katinsa na makaranta, domin wurare da yawa suna rage wa ɗalibai kuɗin shiga.

Lokacin tafiya yana iya gyara ta ko ya ɓata ta gaba ɗaya. A guji makon farko na Oktoba, da farkon watan Mayu, da bikin sabuwar shekarar gargajiya, domin a waɗannan ranaku ƙasar gaba ɗaya ce ke kan hanya. Wanda jikinsa ya saba da ɗumin Gwanzu ya sani cewa sanyin Bejin a Disamba da Janairu yana sauka ƙasa da sifiri, ga busasshiyar iska mai tsaga leɓe fiye da hunturun gida, kuma a kan ganuwa abin ya fi tsanani. Shi'an ma tana sanyi, amma wahalarta ta fi yawa a Yuli da Agusta, lokacin da zafi kan kusanci digiri 40. Afrilu, da tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba, su ne suka fi dacewa da duka biyun.

Akwai kuma abin da baƙar fata zai tarar a ko'ina cikin biyun, wato kallo da neman ɗaukar hoto. A Gwanzu an saba da mu, amma a wuraren tarihi mafi yawan maziyartan Sinawa ne da suka zo daga ƙauyuka da ƙananan garuruwa, wasunsu ba su taɓa ganin ɗan Afirka ido da ido ba. Galibi sha'awa ce ba ƙiyayya ba, sai dai tana gajiyarwa, musamman ga mata da masu tafiya da yara, kuma mutum na da cikakken 'yancin ɗaga hannu ya ƙi. A unguwar Musulmin Shi'an na lura cewa sallama ɗaya kan sauya yanayin kallon nan take.

To, wa ya kamata ya fara da Bejin? Wanda ya kusa barin ƙasar kuma ba ya tsammanin dawowa, domin komawa gida bayan shekaru a Sin ba tare da an taka Babbar Ganuwa ba abu ne da zai daɗe yana damun mutum. Haka wanda yake da kwana shida ko bakwai, ko yake da wata buƙata a ofishin jakadancin ƙasarsa, ko yake tafe da abokan da za su raba kuɗin ɗaki da na tukunyar tagulla. A Bejin ne kuma Bahaushe zai iya cin karo da Basine mai jin Hausa, kasancewar Rediyon Ƙasar Sin na watsa shirye-shirye da harshen tun 1963, kuma ana koyar da shi a Jami'ar Koyon Harsunan Waje ta birnin.

Wanda kuwa kwana uku ko huɗu kaɗai yake da su, ko yake tafiya shi kaɗai, ko da iyali da ƙananan yara waɗanda ba za su jure dogayen layuka da neman abinci ba, ya nufi Shi'an. Ya kama ɗaki a cikin ganuwa, kusa da Hasumiyar Ƙararrawa ko ta Ganga. Ranar farko ya ba mayaƙan yumɓu safiyarsa, ya dawo ya huta, ya yi Magariba a lungun Huajue. Rana ta biyu ya karya da hulatang a Sajinqiao, ya shiga gidan tarihi idan ya sami gurbi, ya hau keke a kan ganuwa da yamma. Idan ya daidaita tafiyar ta haɗa da ranar Juma'a, ya isa masallacin da wuri, domin ɗakin sallar kan cika har sahu ya fito farfajiya.